Ɗaki na 36: Tsohon fim ɗin Chana da har yau ke raba kan 'yan kallo a Kazaure

A watan Fabrairun 1978 kamfanin shirya fina-finai na Shaw Brothers da ke Hong Kong ya fitar da wani fim mai suna The 36th Chamber of Shaolin, ma'ana Ɗaki na 36 na Shaolin. Babu soyayya a cikinsa, babu rawa da waƙa. Babban kaso na fim ɗin ma ya tafi ne wajen nuna wani saurayi da aka yi wa aski ƙwal-kwabo yana shara, yana ɗibar ruwa, yana faɗuwa yana tashi.

Yau sama da shekara 40 ke nan, amma fim ɗin bai ɓace ba. Ya tashi daga majigin silima ya koma kaset, daga kaset ya koma faifai, yanzu kuma yana cikin memorin waya. A Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, idan hirar tsofaffin fina-finan Chana ta taso a majalisa ko a teburin mai shayi, da wuya a tashi ba a ambaci fim ɗin Shaolin ba, da wuya kuma baki ya zo ɗaya a kansa.

Tushen musun shi ne: shin wahalar koyon da ɗan wasan ya sha ita ce daɗin fim ɗin, ko kuwa jan rai ne kawai kafin a kai ga faɗa? Amsar da mutum ya bayar takan nuna shekarunsa, da sana'arsa, da irin makarantar da ya yi.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Labarin ya faru ne a kudancin Chana, zamanin daular Qing ta 'yan ƙabilar Manchu, wadda ta mulki ƙasar daga 1644 zuwa 1912. Ɗan wasan, Liu Yu-de, ɗalibi ne, mahaifinsa kuma ɗan kasuwar kifi. Malaminsu na makaranta yana cikin masu yi wa gwamnati tawaye a ɓoye, ya kuma jawo ɗalibansa ciki, suna fakewa da kayan kifin wajen safarar saƙonni.

Da asiri ya tonu, sai mutanen Janar Tien Ta suka far musu. Malamin ya rasa ransa, haka ma abokan Yu-de da mutanen gidansu. Shi kuwa ya tsere da rauni a jikinsa, ya nufi Shaolin, gidan ibadar mabiya addinin Buddha da ya yi suna wajen iya faɗa. A ɓoye ya shiga, cikin kayan cefanen da aka sayo wa gidan.

Bayan an yi jinyarsa an karɓe shi, sai aka raɗa masa suna San Te, aka miƙa masa tsintsiya. Shekara guda ya yi yana shara. Da ya nemi a koya masa faɗa, aka shaida masa cewa ɗakunan horo 35 ne, ya zaɓi inda zai fara. Da zumuɗin ƙuruciya ya zaɓi na ƙoli. Bai daɗe a ciki ba aka watso shi waje, ba tare da an taɓa shi da hannu ba. Dole ya koma ya faro daga ƙasa.

A ɗakin farko, kafin ɗalibi ya isa wurin cin abinci sai ya tsallaka wani ruwa ta kan guntayen itatuwa da ke yawo a samansa. Wanda ya faɗa ciki ya jiƙe, abinci ya wuce shi. A wani ɗakin ana ɗaukar bokitin ruwa biyu hannu a miƙe, an ɗaura wuƙaƙe a damatsa, ta yadda duk wanda ya sassauta hannu zai soki haƙarƙarinsa. A wani kuma ana buga ƙararrawa da doguwar gora mai nauyi a baki, da hannu ɗaya, don ƙarfafa tsintsiyar hannu. Akwai ɗakin ido, inda ɗalibi ke sa kansa tsakanin sandunan turare biyu masu ci da wuta, yana bin hasken kyandir da ido kaɗai. Akwai na kai, inda ake tunkuyin buhunan yashi.

Sai bayan waɗannan aka fara koya masa naushi da shuri da makamai. Da ya gama, wani babban malami mai kula da ladabtarwa ya ƙi amincewa a ɗaukaka shi sai sun gwabza. San Te ya sha kashi fiye da sau ɗaya, har ya ƙirƙiro sanda mai gaɓa uku da aka haɗa da sarƙa, sannan ya yi nasara.

Da aka ce ya zaɓi ɗakin da zai shugabanta, sai ya nemi a buɗe sabo, na 36, wanda za a riƙa koya wa talakawan gari yadda za su kare kansu. Manyan gidan suka ƙi, suka hukunta shi da fita gari yawon neman sadaka. A wannan fitar ce ya tara almajiransa na farko, ya kuma ga bayan Janar Tien Ta.

Daga silima zuwa shagon turi

Har zuwa ranar 27 ga Agustan 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Kazaure tana cikin Jihar Kano ne, kuma a harkar kallo har yau Kano ce uwa. Hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa ta Dambatta da Kazaure ita ce ta riƙa kawo kaset, kamar yadda take kawo atamfa da gishiri.

Gidan silima na Rex ya buɗe a Kano a 1937, daga baya aka samu irin su Plaza da Orion da Eldorado da Wapa da Marhaba. Brian Larkin, masanin halayyar al'umma da ke koyarwa a Amurka, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa a lokacin gidajen silima na nuna fina-finan Indiya dare biyar a mako, dare ɗaya na fim ɗin Hong Kong, ɗaya kuma na Amurka.

Dare ɗaya a mako kamar kaɗan ne, amma tasirinsa ya fi haka. Masu rubuta tarihin Kannywood kan ambaci cewa tun a farkon shekarun 1980, kafin fitowar Turmin Danya a 1990, wasu matasa a Kano irin su Sani Lamma da Hamisu Gurgu sun gwada ɗaukar fim da kyamarar bidiyo, kuma ɗaya daga cikin ayyukan wancan lokaci, Hukuma Maganin 'Yan Banza, salon faɗan Chana ya kwaikwaya.

Ga mutanen garuruwan da ke nesa da silima, kaset ne ya buɗe ƙofa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar gurza kaset da rarraba shi, gidajen kallo kuma suka bazu: rumfa, benci, talabijin ɗaya, janareta na ƙara a baya. Yaro ya biya 'yan canjinsa ya shiga, ya fito yana tsalle yana kai wa iska duka. A nan aka saba da kalmomin da har yau ake amfani da su, jarumi shi ne ɗan wasa, mugu shi ne bos.

Yanzu shagon masu tura fina-finai ya gaji gidan kallo. Hoton ma ya fi na da kyau, domin kamfanin Celestial Pictures da ya sayi taskar Shaw Brothers ya gyara ɗaruruwan tsofaffin fina-finanta ya sake fitar da su tun daga 2002. Matashin da ke kallo a waya yau yana ganin abin da mahaifinsa bai gani ba a kaset ɗin da aka gurza sau biyar.

Masu cewa horon shi ne fim ɗin

Waɗanda suka fi kare fim ɗin galibi mutane ne da suka zauna gaban wani suka koyi abu. Hujjarsu ita ce, faɗa kowane fim na yi, amma ba kowanne ne ke nuna inda iyawa ke fitowa ba.

Wanda ya yi karatun allo ba ya bukatar a yi masa bayanin tsarin ɗakuna. Ya san ana farawa da babbaƙu kafin farfaru, ya san kolo ba ya zama gardi sai ya bi ta titibiri, ya san tsakanin gardi da alaramma da gwani akwai shekaru na tilawa da wankin allo. Ya san ɗebo ruwa da itace da sharar tsangaya. Don haka idan San Te ya nemi farawa daga ɗakin ƙoli aka koro shi, tsohon almajiri kan yi murmushi, domin ya taɓa ganin yaron da ya so tsallake wata sura malam ya mayar da shi baya.

Masu wannan ra'ayi kan yi saurin fayyace cewa ba karatun suke kwatantawa ba, hanyar koyo suke nufi: biyayya ga malami, maimaici, da haƙurin bin mataki bayan mataki.

Haka abin yake ga masu sana'a. Yaron gareji kan shafe watanni yana wankin sifana da miƙo kayan aiki kafin a bar shi ya kwance inji. Yaron tela kan fara da guga da saka maɓalli kafin ya hau keke. Maƙeri kan sa ɗan koyo zuga tukuna. Dukkansu sun san zafin tambayar da San Te ya yi wa kansa bayan shekara guda da tsintsiya, wato yaushe za a fara koya masa abin da ya kawo shi.

Abin da ya fi burge wannan ɓangare shi ne yadda fim ɗin ya biya bashin kowane ɗaki. A faɗan ƙarshe, mai kallo na ganin amfanin horon kai da na ido da na hannu ɗaya bayan ɗaya. Babu wata iyawa da ta faɗo daga sama. A wurinsu, fassarar karin maganar nan ce ta mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Masu cewa ya cika jan rai

Ɗaya ɓangaren kuma na ganin an cika yabon fim ɗin. Tsawonsa ya kusa awa biyu, kuma a cewarsu mutum zai yi ta jira kafin a yi faɗan kirki, sannan da aka zo kan bos, ba a daɗe ba aka gama da shi. Wannan suka ba ta rasa tushe ba, domin kashi na ƙarshe na fim ɗin yana tafiya da sauri idan aka kwatanta da tsakiyarsa.

A cikin masu wannan ra'ayi akwai 'yan ga-ni-kashe-nin Bruce Lee. A wurinsu, babu fim ɗin da ya kai Enter the Dragon, wanda ya fito a 1973, jim kaɗan bayan mutuwar jarumin ranar 20 ga Yulin shekarar yana da shekara 32. Sukan kuma kawo faɗansa da Chuck Norris a The Way of the Dragon na 1972. Hujjarsu ita ce Bruce Lee ba ya ɓata lokaci: duka ɗaya, biyu, magana ta ƙare. Faɗan fina-finan Shaolin kuwa, in ji su, ya fi kama da rawa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya kawo hannu kafin ya tare.

Akwai kuma mutanen Jackie Chan, waɗanda ke tunatar da cewa a shekarar 1978 ɗin nan aka fitar da Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master, duka a ƙarƙashin darakta Yuen Woo-ping. Su ma akwai horo mai tsanani a cikinsu, akwai tsoho mai koyarwa, amma an haɗa da barkwanci. Suna ganin wanda ya wuni a gona ko a kasuwa, idan ya zauna kallo da dare, dariya yake nema, ba wata sabuwar wahala ba.

Bambancin shekaru na fitowa fili a nan. Wanda ya saba da gajerun bidiyo na TikTok yakan ja fim ɗin da yatsa ya wuce wurin bokitai ya nufi faɗa. Wanda ya kalle shi a kaset kuwa, wurin bokitan ne yakan ce a mayar masa baya.

Gaske ne ko dabarar kyamara?

Wani musun da ya daɗe shi ne ko 'yan wasan sun iya faɗan da gaske. A kan wannan fim dai, tarihi na bayan masu cewa sun iya.

Daraktan, Lau Kar-leung, malamin faɗa ne kafin ya zama darakta. Ya koyi salon Hung Gar a wurin mahaifinsa Lau Cham, shi kuma ya koya a wurin Lam Sai-wing, almajirin shahararren malami kuma mai maganin gargajiya Wong Fei-hung. Salsala ce da ake iya ƙirgawa, irin wadda Bahaushe ya saba jin ana jerowa idan ana maganar malamai. Wong Fei-hung ɗin nan shi ne wanda Jackie Chan ya fito a matsayinsa a Drunken Master.

Gordon Liu, wanda ya fito a matsayin San Te, a makarantar Lau Cham ya yi horo tun yana yaro. Shi ma Jackie Chan kimanin shekara goma ya yi a makarantar kwana ta wasan gargajiya a Hong Kong, ƙarƙashin malami mai tsanani Yu Jim-yuen, tare da Sammo Hung da Yuen Biao.

Shi ya sa Lau ke barin kyamara ta ɗauki motsi da yawa a jere ba tare da yankewa ba, ana ganin jikin ɗan wasa daga kai har ƙafa. Dattawan 'yan kallo kan riƙe wannan a matsayin hujja a kan fina-finan yanzu, inda igiya da kwamfuta ke sa mutum ya tashi sama kamar shirwa. Matasa kuma kan mayar da martani da Ip Man na 2008, wanda Donnie Yen ya fito a ciki, su ce iyawa ba ta ƙare a kan mutanen da ba.

Inda masu kare fim ɗin ke zarcewa shi ne ɗaukar labarin kansa a matsayin tarihi. Gidan Shaolin gaskiya ne, an kafa shi a shekarar 495 a lardin Henan, kuma yana cikin wuraren da hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihi na duniya a 2010. San Te ma suna ne da ke yawo a labaran gargajiyar kudancin Chana. Amma ɗakunan horon kamar yadda aka nuna su, ƙirƙira ce ta masu fim, marubucin labarin shi ne Ni Kuang, kuma a Hong Kong aka yi ɗaukar. Fim ɗin da aka ɗauka a ainihin gidan Shaolin shi ne Shaolin Temple na 1982, wanda ya fito da Jet Li duniya ta san shi.

Damuwar iyaye da malamai

Ba kowa ne ke kallon lamarin ta fuskar nishaɗi ba. Tun zamanin gidajen kallo iyaye ke kokawa da yadda yara ke fitowa suna gwada abin da suka gani a kan ƙannensu, wani ya gurɗe, wani ya fasa baki. A yau da matsalar daba da ƙwacen waya ke damun birane irin su Kano, wasu na ganin duk fim ɗin da ke ƙawata duka da ramuwar gayya bai kamata a sakar wa yaro shi ba.

Masu kare fim ɗin kan amsa da cewa darasinsa kishiyar daba ne. Ɗan daba na son a ji tsoronsa yau-yau, San Te kuwa shekaru ya yi yana sunkuyar da kai. Sai dai masu sukar na da abin cewa: ko an ƙi ko an so, ɗaukar fansa ce ta kai shi Shaolin, kuma da jini aka rufe labarin.

Akwai kuma batun addini. Kusan duk fim ɗin a gidan ibadar Buddha yake, da gumaka da turare da rusunawa. Wasu malamai da iyaye ba sa jin daɗin yaro ya riƙa kallon wannan yana sha'awa, ba sa kuma son a riƙa haɗa shi da tsangaya ko da a misali ne. Wasu kuwa na ganin yaron da ya san addininsa ba zai rikice don ya ga yadda wasu mutane ke rayuwa ba.

Wani abin lura shi ne, idan aka zo zaɓen abin da za a kalla a cikin gida, wannan fim kan tsira daga sukar da ake yi wa takwarorinsa. Drunken Master, duk da farin jininsa, gwanintar ɗan wasan a cikinsa na tafiya ne da shan giya, abin da magidanta da yawa ba sa so 'ya'yansu su gani a matsayin burgewa. Fina-finan Indiya kuma ana kuka da rawa da shigar da ke cikinsu. Fim ɗin San Te ba shi da ko ɗaya. Amma wannan ne kuma ya sa mata da yawa ba su damu da shi ba, domin babu wata mace da ke da rawar kirki a labarin.

Da ɗan dambe da ɗan Shaolin

A ƙasar da ke da nata wasan faɗa, dole a yi kwatance. Masoya dambe kan tambaya ko San Te zai iya tsayawa turmi uku gaban ɗan damben da ya naɗe hannu da zare. A ganinsu, a fagen dambe babu darakta, babu a sake ɗauka. Wanda aka kai ƙasa an kashe shi, kowa na gani, ko ɗan Kudu ne ko ɗan Arewa ko Guramada. Sukan ce sunan Shago bai kai inda ya kai ba don an tsara masa wanda zai buge.

Masoya fim ɗin kuma kan ce ba a haɗa wasan kwaikwayo da gasa. Duk da haka sukan nuna kamannin da ke tsakani: shi ma ɗan dambe yana da ubangida, yana farawa da riƙe wa manya kaya da damben yara kafin a sa shi a babban fage.

A bakin mutane da yawa duk faɗan Asiya sunansa kareti, alhali akwai bambanci. Kung fu na Chana ne, kareti na Japan, taekwondo kuma na Koriya. A cikin ukun, taekwondo ne ya kawo wa wannan yanki lambar yabo a gasar Olamfik. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijing a 2008, sannan Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Ga mutanen Ɓaɓura da ke bakin iyaka, wannan nasara ta maƙwabta ce. Masu cewa kallon fina-finan faɗa ba ya haifar da komai sai rauni, da irin waɗannan sunaye ake ba su amsa.

Kallo ba tare da jin yare ba

Yawancin waɗanda suka kalli fim ɗin a kaset ba su ji abin da ake faɗa ba. Kwafin da ya fi yawo shi ne wanda aka ɗora wa muryoyin Turanci, baki na motsi daban magana na fita daban. A gidan kallo akan samu wanda ya riga ya gani sau uku, shi ke ba na kusa da shi labari, wani lokaci da ƙarin gishiri.

Yanzu da kamfanoni irin su Algaita a Kano suka yi suna wajen fassara fina-finan waje zuwa Hausa, an samu sabon saɓani. Matasa da yawa ba sa son fim ɗin da ba a fassara ba. Wasu dattawan kuma na ganin barkwancin da masu fassara ke cusawa kan rage wa labari nauyi, musamman irin wannan da ba na dariya ba ne.

Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne, fim ɗin San Te na cikin waɗanda ake fahimta ko an kashe sauti. Mai ɗauke da bokiti hannu na rawa ba ya bukatar tafinta.

Wataƙila shi ya sa ya ratsa ƙasashe. A Amurka, inda aka nuna shi da sunan Master Killer, ya samu karɓuwa sosai a unguwannin baƙaƙen fata. Ƙungiyar mawaƙan Wu-Tang Clan ta birnin New York ta saka ɗakuna 36 a sunan kundinta na farko a 1993. Darakta Quentin Tarantino kuma ya gayyaci Gordon Liu cikin Kill Bill, inda a kashi na biyu da ya fito a 2004 ya zama tsohon malami mai farin gemu da ke sa ɗalibarsa ɗibar ruwa. Almajirin 1978 ya zama malam.

Wa ya kamata a koya wa?

Musun da ya fi zurfi shi ne na ɗakin da fim ɗin ya samo sunansa. Shin San Te ya kyauta da ya nemi a fitar da ilimin gidan zuwa waje, bayan manyansa sun ce a'a?

Masu ganin bai kyauta ba na cewa gidan da ya yi jinyarsa, ya ciyar da shi, ya koya masa duk abin da ya sani, ya fi ƙarfin ya zo masa da sabon tsari. Suna ƙarawa da cewa manyan na da dalili: abin da zai iya kashe mutum ba a miƙa shi ga wanda ba a gwada halinsa ba. Shekarar sharar nan, in ji su, ba ta ƙarfin jiki ba ce, ta tace hali ce. Idan aka buɗe ƙofa ga kowa, wa zai yi wannan tacewar?

Masu goyon bayansa kuma na cewa ilimin da aka kulle a bayan katanga alhali ana zaluntar mutane a waje, ba shi da amfani. Suna nuni da cewa San Te bai yi wa malamansa rashin kunya ba. Ya nemi izini a fili, aka hana shi, aka hukunta shi, ya karɓi hukuncin. Sannan mutanen da ya zaɓa ya koya wa, sai da ya ga halinsu tukuna.

Wannan magana ba ta tsaya a fim ba. A garejoji da shagunan ɗinki da na gyaran waya, ana yawan kuka da ubangidan da ke ɓoye sirrin ƙarshe na sana'a don kada yaro ya kama gabansa ya ƙwace masa kwastomomi. Su ma iyayen gida na kuka da yaron da bai gama koyo ba ya gudu ya buɗe shago, yana ɓata wa mutane kaya. A gari irin Kazaure, mai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu, inda matasa ke haɗa boko da koyon sana'a, kowane ɓangare na iya nuna wani wuri a fim ɗin ya ce ga hujjarsa.

Shi dai Lau Kar-leung, wanda ya rasu a watan Yunin 2013, ya nuna inda ya karkata. Ya rufe fim ɗin ne da San Te tsaye gaban sahun mutanen gari yana koya musu, sannan ya sake komawa kan labarin har sau biyu, a Return to the 36th Chamber na 1980 da Disciples of the 36th Chamber na 1985. Sai dai ko a wancan sahun na ƙarshe, sababbin ɗaliban daga matakin farko suka fara.